Jin ɗumi lokacin ɗari: a bar wa iska ƙofa, a bar wa hayaƙi hanya

 An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, rumbuna sun karɓi rabonsu. Yanzu kuma ga ɗari ya shigo.

Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta zo da ƙura da hazo. A Ɗan Kassari da Lugu da Matankari, har zuwa Tsibiri da Kore Mai Ruwa, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Ga mutanen Turai wannan ba sanyi ba ne. Amma ga wanda ya saba da zafin watan Afirilu, mai wuce digiri 40, sanyi ne mai shiga ƙashi. Tsofaffi na jin jiki, jarirai ma haka.

Saboda haka kowane gida ke neman wuta. Da magariba yara su kewaye murhu. Da dare uwargida ta kwashi garwashi a kasko ta kai ɗakin tsohuwa. Samari su shige ɗaki da murhun shayi, su ja ƙyaure, hira ta yi daɗi har barci ya kwashe su. Mai jego kuwa ba a barin ɗakinta babu wuta. Duk wannan gado ne, kuma ba mu ce a daina jin ɗumi ba. Tambaya biyu kawai muke so mu yi a yau. Ina hayaƙin wutar nan yake zuwa? Kuma ta ina iska ke shigowa ɗakin?

Ɗaki ya sake, wuta ba ta sake ba

Kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki shekara da shekaru. Wani zai ce: to, me ya sa ba ta ƙare su ba? Amsar tana cikin ginin ɗakin. Ɗakin zamanin da mai jinka ne, na kara da ciyawa. Ƙofarsa asabari ne ko zana. Iska na shiga ta ko'ina, hayaƙi kuma na ratsa ciyawa ya fita. Ku tuna yadda rufin tsohon ɗaki yake yin baƙi ƙirin da kunkunniya. Wannan shaida ce cewa ta nan hayaƙi ke bi. Ko a lokacin ma sun sha tari da jan ido, amma ɗakin yana numfashi.

Ɗakin yau daban ne. Wanda ya sami albarkar noma, ko ya dawo ci-rani da ɗan abin hannu, yakan gina ɗakin tubali mai rufin ƙasa ko na kwano. A shafe shi da siminti, a sa ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe. Ɗaki ne mai kyau, mai tsare kaya daga ɓarawo da ruwan sama. To amma idan ɗari ya yi, sai a rufe taga, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a toshe kowace kafa. Ɗakin ya zama kamar tulun da aka rufe bakinsa. Sannan a kawo kaskon garwashi irin na kaka da kakanni a ajiye a tsakiya. A nan haɗarin yake.

Gubar da ba a gani

Wuta tana cin iska kamar yadda mutum yake shaƙa. Abin da take ci a cikin iska shi ne oksijen, wanda shi ne kuma yake raya jikinmu. Idan wuta ta sami isasshiyar iska, sai ta ci da kyau. Idan ba ta samu ba, sai ta riƙa fitar da wata guba. Masana na kiranta monoksid na karbon, suna rubuta ta da haruffa biyu, CO. Mu a nan za mu ce mata iskar guba.

Wannan iska ba ta da launi. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Hayaƙin da muke gani yakan kore mu daga ɗaki, domin yana cin ido. Ita kuwa ba ta korar kowa. Tana gauraya da iskar ɗaki sama da ƙasa, mai kwana a gado da mai kwana a tabarma duk su shaƙe ta.

Idan ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini. Aikin jini shi ne ɗaukar oksijen ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Amma jini ya fi kama iskar guba fiye da yadda yake kama oksijen, har ninki fiye da 200. Kamar amalanke ne da ya saba kai hatsi gida, sai aka cika shi da duwatsu. Yana tafiya, yana dawowa, amma mutanen gida na kwana da yunwa. Haka mutum zai riƙa numfashi, alhali jikinsa na shaƙewa daga ciki.

Akwai wani kuskure da kusan kowa ke yi. Mukan ce: a bari hayaƙin ya ƙare a waje, idan garwashi ya yi ja sai a shigar da shi. Muna zaton haɗari ya tafi tare da hayaƙi. Ba haka ba ne. Jan garwashi da ba ya harshen wuta yana fitar da iskar guba da yawa, kuma yana yi har ya mutu. Gawayin kirya, gawayin shayi, da gawayin ƙasa da ake haƙowa a Anu-Araren ta jihar Agadas, duk hukuncinsu ɗaya ne a cikin rufaffen ɗaki. Haka murhun gaz idan an kunna shi don jin ɗumi, haka injin janareta, haka babur da aka bari yana ci a zaure.

Kada kuma a dogara da fitila. Wasu na cewa muddin fitilar kananzir ba ta mutu ba, iskar ɗaki lafiya lau take. Fitila na iya ci gaba da haske a ɗakin da gubar ta riga ta isa kisa.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya da amai. Daga nan ƙafafu su mutu, hankali ya rikice, mutum ya ga ƙofa amma ya kasa isa gare ta. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Idan gida guda ya tashi da ciwon kai, wasu kan ce masassarar cizon sauro ce. Wasu su ce tuwon jiya ne. Wasu kuma su ce iska ce ta taɓa su. Ba mu zo gardama da kowa ba. Iska ce kam, amma ta kasko. Ga yadda za a gane: mutane da yawa sun kamu lokaci ɗaya a ɗaki ɗaya, jikinsu ba zafi, kuma da sun fita waje sai su fara jin sauƙi. Idan akwai kaza ko kyanwa a ɗakin, sau da yawa ita ke fara faɗuwa. Waɗanda gubar ta fi saurin kayarwa su ne jarirai, mata masu ciki da abin da ke cikinsu, tsofaffi, masu ciwon zuciya, da masu ƙarancin jini.

Shi ma hayaƙin da ake gani ba a raina shi. Kisansa a hankali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Yawancin yaran nan ciwon haƙarƙari ne, wato limoniya, ke ɗauke su. Uwa na tuƙa tuwo cikin hayaƙi, goyonta na shaƙa tare da ita.

Yadda masu sanyi na gaske suke yi

A Faransa da Italiya da Amurka sanyi yakan kai ruwa ya daskare, kuma mutane kan yi watanni da wuta a cikin gida, ƙofofi a rufe. Yana da kyau mu ga dabarar da suke bi.

Tun cikin shekarun 1980 aka fara sayar da wani irin murhun ɗumama ɗaki a Amurka, daga baya ya bazu a Turai. Ba icce yake ci ba, ƙwayar katako yake ci. Garin katako ne na masu aikin zarto ake busarwa, inji ya matse shi ya fito guntu-guntu, kaurinsa milimita 6, tsawonsa bai kai gaɓar ɗan yatsa biyu ba. Ana sayar da shi a buhu mai kilo 15. Da yake ƙwayar a bushe take ƙwarai, tana ci da zafi, tokarta kaɗan ce.

Murhun akwatin ƙarfe ne rufaffe, mai ƙofar gilashi. A bayansa akwai ɗan rumbu da ake zuba ƙwayar. Wani ƙarfe mai murɗi yana juyawa, yana sako ƙwaya kaɗan-kaɗan cikin wuta. Fanka guda na tura hayaƙi waje ta bututu, wata kuma na hura ɗumi cikin ɗaki. Wasunsu kuma suna da bututu na biyu, ƙarami, mai jawo iska daga waje zuwa ga wutar. Ta haka wuta ba ta rabon iska da mutanen ɗaki.

Ba muna cewa ku nemi wannan murhu ba. Yana da tsada, kuma ba ya aiki sai da lantarki. Idan lantarki ya ɗauke yana cikin ci, fanka ta tsaya, hayaƙi na iya dawowa ɗaki. Shi ya sa masu ƙera shi ke ba da shawara a miƙe bututun sama, ko da mita ɗaya da rabi ne, don hayaƙi ya iya hawa da kansa. A ƙauyukanmu da lantarki bai kai ba, ko yake zuwa yana tafiya, wannan murhu ba namu ba ne. Darasinsa shi ne namu: wuta a rufe, hayaƙi da hanyarsa, iska da ƙofarta.

Ƙwayar ma ta shigo Afirka. A Ruwanda da Zambiya an yi kamfanonin da ke matse ta, suna sayarwa tare da ƙaramin murhun girki mai fanka. A wasu wurare kuma ana cura ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a yi abin hura wuta. Idan irin wannan ya iso kasuwanninmu, a sani cewa murhun girki ne, ba shi da bututu. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu guba. A kuma ajiye buhunan ƙwayar a inda iska ke ratsawa, ba a ɗakin kwana ba, domin idan ta taru da yawa a rufaffen wuri tana fitar da iskar guba ko ba a kunna ta ba. A shekarar 2006, a tashar jiragen ruwa ta Helsingborg a ƙasar Suwidin, wani ma'aikacin jirgi ya mutu saboda ya sauka kusa da ma'ajin ƙwayar kafin iska ta ratsa shi.

Namu murhunan masu tattalin icce, wato Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, waɗanda aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980, suna rage cin icce, kuma muna yaba su. Amma su ma ba su da bututu. Wurinsu tsakar gida ne ko madafa mai taga, ba ɗakin kwana ba.

Kafa murhu mai bututu a ɗakinmu

Wanda yake da hali, yana iya sa maƙeri ko mai walda ya yi masa murhun ƙarfe mai ƙofa da bututu. Magini ma na iya gina shi da tubali da laka, a sa masa ƙofar ƙarfe. Za mu yi awo da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa. Kamu ɗaya na babban mutum ya kusa rabin mita.

A fara da zaɓen wuri. A ajiye murhu kusa da bangon tubali, domin ƙasa ba ta cin wuta. Kada a sa shi a bakin ƙofa, don idan gobara ta tashi kada ta tare mafita. Tsakaninsa da gado, da katifar soso, da sange, da labule, da tufafin da aka rataya, a bar kamu biyu. Sangen sauro na zamani da zaren roba ake yinsa, tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi a kan mai barci. A ɗauke tabarma da ledar ƙasa daga ƙarƙashin murhu da gabansa, a bar kamu ɗaya na ƙasa ko siminti tsirara, inda garwashi zai iya faɗowa. Idan akwai mai rarrafe a gidan, ko mai farfaɗiya, a ja ɗan gajeren gini a kewaye murhun.

Idan da gangar ƙarfe za a ƙera shi, kada a ɗauki wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki. Sabon murhu kuma a fara kunna shi a waje, fenti ya ƙone, warin ya fita, kafin a shigar da shi.

Sai bututu, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake. Hayaƙi mai zafi ya fi iska sauƙi, shi ya sa yake tashi sama. Idan ya shiga miƙaƙƙen bututu ya hau, sai ya jawo na bayansa, na bayansa kuma ya jawo sabuwar iska cikin murhu. Wannan ja shi ne ran murhun. Bututu mai tsawo, mai miƙewa, mai ɗumi, yana ja da ƙarfi. Gajere, ko kwantacce, ko mai lanƙwasa da yawa, ba ya ja, sai hayaƙi ya yi kwana ya dawo ɗaki.

Saboda haka a nemi bututun baƙin ƙarfe mai faɗin santimita 12 zuwa 15. Kada ya fi bakin murhu ƙanƙanta. Bututun roba na masu famfo ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Farin kwanon rufi ma kada a naɗe shi a sa dab da wuta, domin abin da aka shafa masa yana tashi idan ya yi ja, kuma shaƙarsa na sa ciwo. Wajen haɗa guntaye, bakin na sama ne ke shiga cikin na ƙasa. Dalili kuwa, hayaƙin icce yana da wani baƙin mai kamar kwalta. Idan an haɗa ta wannan hanya, man zai gangara ta ciki ya koma murhu ya ƙone. Idan an juya, zai tsiyayo ta waje. Lanƙwasa kada ta wuce biyu. Inda bututu ya kwanta don ya ratsa bango, ya zama gajere, kuma ya ɗan ɗaga kai wajen fita, kada ya sunkuya.

Ta ina zai fita? A ɗakin tubali, ta bango ya fi. A huda bangon a ƙasa da rufi, a ratsa bututun, a cike gefensa da laka, sannan a waje ya miƙe sama. Tsakanin bututu da azara, ko kara, ko zana, ko buhun da aka yi rufin ciki da shi, a bar kamu ɗaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Azarar da ke shan zafi kullum tana bushewa tana gasuwa a hankali, har wata rana ta kama da zafin da bai kai ya kawo ba, kuma cikin dare. A ɗaki mai rufin ciyawa kuwa, shawararmu ita ce kada a ratsa bututu ta cikin rufin sam.

A lura da iskar hunturu. Tunda daga arewa maso gabas take zuwa, gara bututu ya fita ta bangon yamma ko na kudu. Kansa ya wuce ƙololuwar rufi da kamu ɗaya. A Faransa doka ta ce ya wuce da aƙalla santimita 40, don kada iskar da ke bugun rufi ta danne hayaƙi ta mayar da shi. Kada a tsayar da shi a ƙarƙashin bakin kwano, ko dab da taga, ko yana kallon rumbu ko tarin harawa, naka ko na maƙwabci. A ɗora masa hular ƙarfe mai ƙafafu, wadda za ta tare ruwa da ƙura amma ta bar gefe a buɗe. A zagaye gefen da ragar waya mai manyan idanu saboda tartsatsi da tsuntsaye. Murhu ɗaya, bututu ɗaya. Kada a haɗa na madafa da na ɗaki.

Yanzu ga abin da aka fi mantawa. Duk hayaƙin da ya fita, sai wata iska ta shigo ta maye gurbinsa. Idan ɗaki a toshe yake, bututu ba zai ja ba, ko da ya kai tsawon giginya. A huda ƙaramar kafa a bango kusa da ƙasa, dab da murhu, mai faɗin tafin hannu. A sa mata ragar waya saboda maciji da kunama da ɓera. Iskar da ta shigo ta nan murhu za ta nufa, ba gado ba. Mun san halin gidajenmu: ranar da sanyi ya tsananta, wani zai tura tsumma a kafar nan. Maigida ya gaya wa kowa, babba da yaro, cewa wannan kafa ba a toshe ta.

Wasu maƙera kan sa ɗan marfi a cikin bututu, wanda ake juyawa don rage ja. Kada a taɓa rufe shi gaba ɗaya da dare wai don a tsare ɗumi. Wanda ya yi haka ya mayar da murhunsa kasko.

Kafin a kwana da shi, a gwada shi da rana. A fara ƙona ƴar takarda ko busasshen kara a bakin bututu don ya yi ɗumi, domin bututu mai sanyi ba ya ja. Sannan a hura wuta, a jefa ɗanyen ganye don hayaƙi ya yi kauri. Mutum ɗaya ya tsaya a waje ya ga yana fita, ɗaya ya bi mahaɗa ɗaya-ɗaya a ciki. Inda ya ga hayaƙi na tsiyaya a gyara. A rufe ƙofar ɗaki a sake dubawa. Idan hayaƙi na fitowa ta bakin murhu, akwai matsala, kada a kwana da shi sai an gano ta.

Bututu yana son shara. A farkon ɗari a sauke hularsa, a ɗaura tsumma ko waya a kan dogon sanda a goge cikinsa. Watanni tara da ya yi a zaune sun isa zanzaro ya yi gini a ciki, ko tsuntsu ya yi sheƙa. A tsakiyar ɗari a sake gogewa, domin kunkunniyar da ta taru tana toshe hanya, kuma tana iya kamawa da wuta. Toka kuwa a kwashe ta a kwanon ƙarfe a kai waje, nesa da darni da rumbu. Garwashi kan ɓuya a cikinta har kwana biyu. Idan ta huce a zuba ta a ramin taki.

Akwai wata ƴar na'ura mai batir da ake rataya a bango, wadda ke ƙara idan ta ji iskar guba. Wanda ke da ɗan'uwa a Yamai ko a ƙasar waje, ya roƙe shi ya nemo masa. Ita kaɗai ce ke jin abin da hancinmu ba ya ji.

Me za a ƙona?

Busasshen icce kawai. Ɗanyen icce wani kaso na ƙarfinsa na tafiya wajen ƙafar da ruwan da ke cikinsa, ga hayaƙi, ga toshe bututu. Sabara da geza da aka sassabe kafin damina, aka jingine su suka bushe, sun fi wanda aka saro jiya. Leda, tsohon takalmin roba, taya, katako mai fenti da buhun takin zamani, duk guba ne. Kananzir ko fetur kuma ba a zuba su a kan wutar da ta riga ta kama.

Muna roƙon manoma kada su share gona ƙaf saboda wuta. Karan da aka bari a kwance shi ke tare ƙasa idan iska ta taso, shi ke jawo gara ta buɗa ƙasa, kashin shanu kuma abincin gona ne. Wanda ke yin sassaben zamani, yana barin ƴan itatuwa suna tashi a gonarsa yana rage musu rassa, yana samun iccen ɗari ba tare da ya tsiraita gona ba.

Wanda ba shi da bututu fa?

Mun san yawancin gidaje ba za su kafa murhu mai bututu bana ba. To, ga abin da ba ya cin ko dala. A shigar da kasko da wuri, taga a buɗe, mutane na zaune ido biyu. Ɗaki ya yi ɗumi. Kafin kowa ya kwanta a fitar da shi waje, a bar iska ta ɗan ratsa, sannan a rufe ƙofa. Bangon ƙasa yana riƙe ɗumi ya sake shi a hankali. Binne garwashi da toka a bar shi a ɗaki ba kashewa ba ne, yana nan yana ci a ɓoye.

Ga tsoho mai sanyin ƙafa, a gasa dutse ko tubali a murhu, a naɗe shi da tsumma mai kauri a sa masa a gefen ƙafa. Ga jariri, a sa masa hula da safa, uwa ta rungume shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su tare. Wannan ɗumi ya fi na kowane kasko. Ku kuma iyayenmu mata masu kula da mai jego, mun san don ƙauna kuke yi. Amma ita ta zubar da jini wajen haihuwa, jaririn kuma huhunsa sabo ne. Su biyun nan ne gubar ta fi saurin kamawa a duk gidan. A ɗumama ɗakin, a fitar da wutar.

Idan abin ya faru

A ce gari ya waye, an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da aka kwana da wuta, ba a amsa ba. Kada a tsaya sallama. A ɓalle ƙofar, a buɗe taga. Mai shiga ya cika ƙirjinsa da iska a waje, ya riƙe numfashi, ya jawo mutum ya fito, wani kuma na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa. A fitar da kowa zuwa fili, har wanda ya ce shi lafiyarsa lau.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. A sassauta masa tufafi, a lulluɓe shi. Kada a ɗura masa ruwa, ko nono, ko mai, ko jiƙo, domin zai iya wucewa huhu. Kada a yi masa turare ko hayaƙin magani, iska mai tsabta yake nema. Kada a sa shi tafiya da ƙafa. A ɗauke shi a amalanke ko mota zuwa likita mafi kusa, a gaya wa ma'aikacin lafiya tun daga bakin ƙofa cewa da garwashi aka kwana. Wannan magana ita za ta hana a tsaya neman masassara. Maganin gubar shi ne oksijen. A iskar fili, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini. Da oksijen na asibiti, awa ɗaya da ɗan abu ya isa. Idan babu shi a likitar ƙauye, za a tura ku babban asibitin Dogon Dutsi, kuma kada a ƙi zuwa.

Mace mai ciki a kai ta ko da ta miƙe tana magana, domin gubar ta fi daɗewa a jinin ɗan tayi fiye da nata. Wanda ya farfaɗo kuma a sa masa ido har wata guda. Idan aka ga ya fara mantuwa, ko tafiyarsa ta sake, ko halinsa ya canza, a mayar da shi asibiti a tuna musu abin da ya faru. Ɗakin kuwa a bar ƙofarsa da tagarsa a buɗe wuni guda, kuma idan mai bututu ne, kada a sake hura wuta a ciki sai an sauke bututun an duba abin da ya toshe shi.